Wasiƙar Yako: Kowane Lokaci da Adon Akushinsa

Zuwa ga Edita,

 Ina roƙon ka sake ba ni ɗan filin nan da ka saba ba ni, in amsa wata tambaya da ta iso gare ni daga wani malamin makaranta a Tudun Wada, da wani akawu a Bebeji, da wata malamar asibiti a Kiru. Maganarsu duk ɗaya ce. Sun ce yanzu sun sa tebur da kujeru a ɗakin baƙi, suna kuwa ganin hotuna cikin waya na yadda mutanen wasu ƙasashe ke ƙawata teburin cin abinci ran biki, da furanni, da kyandir, da farantai a jere. To, su kuma yaya za su shirya nasu ran Salla, ko ran suna, ko sa'ad da babban baƙo ya sauka, don kada a raina su?

Wani zai ce wannan zancen cikin gida ne, bai isa a ba shi shafin jarida ba. Ni ban ga haka ba. Na san gidan da aka ci bashi aka sayo kuloli da farantan tangaram don Salla, aka yi biki kwana biyu, aka yi watanni ana biya. Na kuma san gidan da aka jera wa baƙo kaya masu ƙyalli, amma ƙuda ya riga shi sa hannu. Abin da ya taɓa aljihun mutum, da lafiyarsa, da mutuncinsa, ai ya isa a tsaya a dube shi da idon basira.

Mu fara da tambayar inda Turawa suka samo wannan al'ada, don wanda zai ari riga ya kamata ya san girman jikin mai ita. A da, a gidajen manyan Faransa da Ingila, a kan jera abinci iri iri bisa tebur gaba ɗaya, har ba wurin aje hannu, abincin nan kuwa shi ne babban adon. Cikin ƙarni na 19 sai aka ɗauko wata hanya daga Rasha, wadda masu tarihi ke danganta shigarta birnin Paris da wani jakadan Rasha, Kurakin, wajen 1810. Watau barori su riƙa kawo abinci iri ɗaya bayan ɗaya, a zuba wa kowa a farantinsa, in an gama a kwashe a kawo wani. Da aka yi haka sai tsakiyar tebur ta zama fili, aka dage wajen cika ta da furanni da fitilu. To, mu da mu ke aje tuwo da miya mu kewaye su, wane fili ne ya rage mana da za mu cika? Tsakiyar shimfiɗarmu a cike ta ke tun kaka da kakanni.

Sa'an nan ku dubi abin da su ke yin adon da shi. Kirsimeti kullum ran 25 ga Disamba ta ke zuwa, tsakiyar ɗarinsu, sa'ad da dare a London ya kan kai wajen sa'a 16, itatuwa kuma galibi sun zub da ganye. Shi ya sa su ke kunna kyandir, su karyo reshen 'yan itatuwan da ba su kaɗe ba su aje bisa tebur. Mutanen Amurka kuma suna da bikin godiya ran Alhamis ta huɗu ga watan Nuwamba, watau bikin kakarsu, abin da su ke jerawa kuwa kabewa ce da busasshiyar masara, abin da gona ta bayar a lokacin. Ashe masu hankalinsu ba su yi kome ba illa duban abin da ke bakin ƙofarsu. Marasa hankalinsu kuwa su ma sun yi nasu. A ƙarni na 18 abarba ta yi tsada ƙwarai a Ingila, har masu kuɗi su kan ɗora ta tsakiyar tebur don a gani kurum, a yi ta fito da ita biki bayan biki, ba a ci ba har ta lalace. Wanda ya sayo furen roba daga birni ya bar mangwaro na zuba a bayan gidansa, ɗan'uwan mai abarba ne.

Akwai wani bambanci kuma da ya kamata malamai su lura da shi. Bukukuwansu a ɗaure su ke da shekarar rana, saboda haka adon bara shi ne na bana. Namu kuwa da wata mu ke lissafi. Shekarar Hijira kwana 354 ce ko 355, ta gaza ta rana da wajen kwana 11, don haka Salla ta kan kewaya damina da kaka da ɗari da bazara ta komo inda ta taso cikin shekara 33 ko kusa. A 2007 an yi Babbar Salla cikin Disamba ana rawar ɗari. A 2015 ta zo ƙarshen Satumba, gero ya nuna. A 2025 ta zo farkon Yuni, ana shuka. A 2030, in Allah ya kai mu, tsakiyar Afrilu za ta faɗo, cikin tsananin zafi, Ƙaramar Salla kuwa farkon Fabrairu. Haka cika-ciki, haka sauran ranakun taro. Tun da bikinmu matafiyi ne, ba wani ado guda da za a saya a aje a ce wannan na Salla ne. Tilas mai gida ya dubi lokacin da ya ke ciki, ya tambayi gona da lambu da kasuwar ƙauye abin da ke hannunsu. Wannan ita ce amsata a taƙaice, sauran bayani ne.

In baƙo ya zo da bazara, sa'ad da zafi ya kan wuce awo 40 cikin Afrilu, ba abin da zai burge shi kamar sanyi. A share gindin itace ko zaure, a yayyafa ruwa ƙasa ta kwanta, a shimfiɗa tabarma. A kawo ruwa daga sabuwar randa, a dama fura da nono cikin farar ƙwarya, a ɗora ludayi, a rufe da faifai. Mangwaro a wanke shi a tara cikin tire, launinsa kaɗai ya isa ado. Kankana kada a yanka sai baƙo ya zauna. In ana son launi ga abin sha, ga jan zoɓo, ga farin kunun aya, ga kunun tsamiya, duk na gida. Ina jan kunnen masu sayen garin lemo na awo wanda ba a san ranar da aka yi shi ba. A 2021 mutane ɗaruruwa suka kwanta asibiti a Kano, wasu suka rasu, saboda irin wannan gari da ɗan tsami da suka lalace. Abincin da aka dafa da safe kuma kada a bar shi cikin kula har dare a irin wannan zafi, sa'an nan a miƙa wa baƙo.

In damina ce, mu nan kudancin Kano Allah ya yi mana gata, don ruwa ya kan riga sauka wajen Doguwa da Tudun Wada kafin ya kai arewacin jihar, ganye kuma ya kan yi yawa. Lokacin kore ke nan. Ga kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, ga rama, ga miyar ɗanyar kuɓewa, ga gauta. Zabi suna ƙwai, a dafa a ɓare a jera kewaye da ɗan yaji. Nono da man shanu sun yi araha daga rugagen Filani na gefen dajin Falgore. Can gaba masara ta nuna, a gasa a kawo ta kwance cikin ɓawonta, ba farantin da ya fi wannan kyau. Amma damina ita ce lokacin ƙuda da gurɓataccen ruwa. A 2021 cutar amai da gudawa ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 3,000, Kano kuwa tana cikin jihohin da abin ya fi tsanani. Saboda haka adon damina na farko murfi ne. Kowane kwano da faifansa, ruwan sha kuma a tabbata mai tsabta ne, in ana shakka a tafasa. Naman layya ma a damina ba ya shanyuwa da kyau, gara a soya shi ya soyu sosai.

In kaka ce, mai gida ba shi da wahala, don ko'ina ya juya arziki ne. Ga sabon gero, ga shinkafar Tudun Wada, ga masarar Doguwa, ga wake da gyaɗa da dankali da rake. Tuwon sabuwar shinkafa fari sol, da miyar taushe wadda ta sha kabewa, a yaryaɗa man shanu, wane fure ne zai tsaya kusa da wannan? Ga wanda ya ke son wani abu na gani kurum, ya samo zangarniyar kaura da ta farafara, ɗaya rawaya ɗaya fara, ya ɗaure su ya rataya bisa ƙofar zaure, ko ya aje ƙaramar kabewa gefen shimfiɗa. Ko kwabo ba zai kashe ba, gobe kuma kabewar ta shiga tukunya. Da kaka ne kuma a ke yawan aure, taro ya kan yi yawa, sai a tuna da cewa tire babba guda wanda mutum biyar za su kewaya ya fi ƙananan farantai ashirin da za a aro daga maƙwabta a fasa uku.

In kuwa hunturu ne, to, nan ne zamani ya ƙara mana abin da kakanninmu ba su samu da yawa ba. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a ƙasar Bebeji a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, aka ja ruwa zuwa Kadawa da Kura, noman rani ya bunƙasa. Da ɗari tumatir da albasa da tattasai da karas da latas su kan cika kasuwa, wanda ya bi ta Kwanar Gafan a lokacin ya ga kwanduna jere har iyakar ganinsa. A yanka su a tsara bisa faranti guda, ja da fari da kore, bayan an wanke su da ruwa mai kyau. Ga kifin Tiga kuma don farfesu. Baƙon hunturu ɗumi ya ke so, saboda haka a sa shi cikin ɗaki, a shimfiɗa darduma bisa tabarma, a kawo kunun gyaɗa ko shayi da zafinsa, a sa garwashi a kasko a zuba turare, amma a bar taga a ɗan buɗe, don hayaƙin gawayi a rufaffen ɗaki ya kan kashe. A nan kula ta yi rana. Murfi kuma har yanzu tilas ne, saboda ƙura, da kuma ɓera, wanda shi ke ɗauke da zazzaɓin Lassa. An fara gane cutar nan a 1969 a garin Lassa na ƙasar Borno, da rani kuwa ta fi yaɗuwa.

Yanzu sai maganar mazubi. Kakanninmu da akushi da ƙwarya da ƙoƙo da tasa suka karɓi sarakuna. Daga baya aka shigo da kwanonin langa masu zanen fure daga ƙasashen waje, har aka kafa ma'aikatun yinsu a Nijeriya, mata suka mai da su kayan jere. Bayansu tangaram da kula suka zo. Ban ce a zub da ko ɗaya ba, kowanne da amfaninsa. Amma ku gwada wannan ku gani: a mulmula farin tuwo a sa cikin baƙin akushi wanda ya sha mai, a rufe da faifai mai rinin ja da baƙi da rawaya, a aje shi kusa da kular roba, sa'an nan ku dubi wanda idon baƙo zai fara sauka a kai. Mutanen Habasha har yau bisa wani kwando saƙaƙƙe mai murfi su ke aje wa baƙo abinci, ko a manyan gidajen cin abinci na Adis Ababa, ba su kuwa jin kunyarsa. Mu me ya sa za mu ji kunyar namu?

Akwai kuma wani dalili da ya fi na kyan gani ƙarfi. Faifai da tabarmar kaba galibi tsofaffin mata da mutanen ƙauye ke saƙa su. Akushi aikin masassaƙi ne, ƙwarya aikin mai fafewa da mai zane da gyartai. In mu masu albashi muka juya musu baya, wa zai saya? Yaro ba ya koyon sana'ar da ya ga ba ta ci da ubansa. Kuɗin da aka sayi furen roba da su sun haye teku ba su komowa, na faifai kuwa ran kasuwa za ka gan su sun zama gishiri da daddawa a gidan wata gwauruwa. Malamin da ke koya wa yara son ƙasa a aji, ya fara nuna shi bisa shimfiɗar gidansa.

To, tebur ko tabarma? Amsa tana ga baƙon. In dattijo ne, ko malami, ko dagaci, wanda ya saba naɗe ƙafa ya ci da hannu, ɗora shi bisa kujera a miƙa masa cokali mai yatsu wahalarwa ce, zai tashi da yunwa yana murmushi don kara. A yi masa shimfiɗa a ƙasa, a ɗora buzu ko darduma inda zai zauna. In abokin aiki ne wanda ya saba da tebur, ko mai ciwon gwiwa, sai a sa shi a tebur. A rufe teburin da ƙyalle wankakke, fari ko kuwa saƙi, ko rinin shuni irin na karofin Ƙofar Mata. Kada a aje wani abu mai tsawo a tsakiya wanda zai tare fuskar mutum daga ta ɗan'uwansa. Abin ado guda ya isa, in ya yi biyu ya fara cin wurin miya. A aje cokali ga mai so, a aje ruwan wanke hannu ga mai so, mai gida kuwa in za su ci tare ya fara sa hannu, don baƙo ya saki jiki.

Tsarin kawowa shi ma ado ne, ko da ya ke ba a ganinsa a hoto. Da farko ruwan sha, tun kafin a yi nisa da gaisuwa, don mai tafiya da ƙishirwa ya ke isowa. Na biyu wanke hannu. Al'adar nan ta aje kwano guda kowa ya tsoma hannu ya kamata a bar ta, don na ƙarshe da dauɗar na farko ya ke wankewa. A zuba wa kowa daga buta, da sabulu, ruwan ya faɗa cikin tasa. Na uku a kawo abinci duka a rufe, miya kusa da hannun daman baƙo, mai gida ya buɗe ya ce bismilla. Na huɗu a san wanda za a zauna da shi da wanda za a ba wuri. Suruki ba ya sakewa ya ci gaban surukinsa, baƙon kunya kuma in an tsare shi da ido loma uku zai yi ya janye hannu. Irin waɗannan a aje musu, a fita, a jawo ƙofa. Na biyar a ba yaran gida nasu tun da wuri, don kada su tsaya bakin ƙofa suna ƙidaya lomar baƙo. A kuma zuba da ɗan yalwa, gama baƙo mai ladabi ya kan rage, in aka zuba daidai cikinsa an hana shi ko dai ƙoshi ko dai ladabi.

Daga ƙarshe sai goro. Mu mutanen wannan yanki ba mu da uzurin mantawa da shi, don ƙasar fatake ce. A Bebeji aka haifi Alhassan Ɗantata a 1877, da fataucin goron Gwanja kuwa ya fara kafa arzikinsa kafin ya shiga cinikin gyaɗa, ya rasu a Kano a 1955. Fataken da su kan yi watanni a hanya da jakuna, suna kwance huhu suna yayyafa ruwa suna tsince wanda ya ɓaci, duk don a sami abin da za a miƙa wa baƙo da daraja. Yau ga shi a kowace kasuwa. A wanke fari da ja, a jera su bisa ɗanyen ganye cikin ƙaramin faifai, in da hali a haɗa da dabino. Ba sai an sayi ƙwarya guda ba, watau goro 100. Biyar masu kyau sun isa. A shafa wa baƙo turare, a raka shi har bakin hanya. Abin da zai tafi da shi a zuci ke nan.

Na san wani zai ce, Malam, zamani riga ne, in abokan aikina suka zo suka tarad da akushi da ƙwarya za su ce na gaza. To, ɗan'uwa, bari mu yi lissafi. Tun da aka janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu 2023 kome ya hau. A watan Yuni 2024, watan da aka yi Babbar Salla, hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce kuɗin abinci ya ƙaru da fiye da kashi 40 cikin 100 bisa na Yunin 2023. Abokan aikin nan naka albashinku ɗaya, sun san abin da ka ke ɗauka, ido kuwa ba mudu ba ne amma ya san kima. In suka ga abin da ya fi ƙarfinka, ba za su ce ka yi arziki ba, za su ce ka ci bashi, su kuma su koma gida uwargida ta tasa su gaba sai sun yi kamarka. Haka a ke jan juna cikin rami, kowa na tsoron bakin kowa. Salla biki ɗaya rana, zanen aro kuwa ba ya rufe katara. Mutum guda mai daraja in ya yi ƙarfin hali ya karɓi baƙinsa da abin da ke gare shi, cikin tsabta da tsari, ya sauke wa mutum goma kaya.

Kada kuma mu manta da wadda ke yin aikin. Mu maza mu ke zaune a zaure muna karɓar yabo, uwargida kuwa tun asuba ta ke tsaye gaban murhu. Kowane ƙarin faranti ƙarin wanke-wanke ne gare ta, kowane ƙarin iri na abinci ƙarin itace ne da hayaƙi. Mai gida na kirki ya kan sanad da ita zuwan baƙi tun da sauran kwanaki, ya kawo cefane da wuri, don ba a fafe gora ranar tafiya. Ya shawarce ta kuma, gama ta fi shi sanin abin da ke araha a kasuwa, da abin da baƙi mata za su so a cikin gida, su ma baƙi ne, shimfiɗarsu kada ta gaza ta zaure. Abinci iri biyu da aka dafa cikin natsuwa ya fi iri shida da aka yi cikin fushi. Tuwon Salla da za a aika wa maƙwabta shi ma a rufe shi da faifai mai kyau, don kwanon da ya fita waje shi ke ba da labarin gidan.

Saboda haka ga amsata ga masu tambaya uku, da duk wanda tambayarsu ta zama tasa. Ku dubi lokacin da ku ke ciki ku ɗauki abin da ya bayar. Ku dubi baƙon ku zaunad da shi inda zai sake. Ku wanke, ku rufe, ku tsara, ku tsaya iyakar aljihunku. Sa'an nan ku tarye shi da fara'a, don magabata sun riga sun yanke hukunci, sun ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. In ta fi tabarma, ai ta fi tebur.

Ina roƙon masu karatu na Doguwa da Riruwai da Kwanar Ɗangora, da na sauran ƙasashen Hausa, kowa ya rubuto ya gaya mana abin da a ke tarye baƙo da shi a garinsu da damina da kaka da ɗari da bazara, da irin mazubin da har yanzu a ke yi a wurinsu, don mu ƙaru da juna. Allah ya ba mu abin karɓar baƙi, ya sa mu san gwargwado, ya raba mu da bashi da cuta, amin.

Haza wassalam.

Naku,
Mai Wasiƙar Yako.